Allon Ƙididdiga Na Duba-Da-Kanka: Yadda Kamfani Ke Gina Shi Domin Masu Shafukan Intanet

1.0 GABATARWA

A ƙarshen kowane wata akwai wani aiki da kan ci ran ma'aikatan kamfanonin da ke gina wa jama'a shafukan intanet suna kuma kula da su. Wannan aiki kuwa shi ne haɗa rahoto. Mai otal yana son ya san mutum nawa suka leƙa shafinsa, mai makaranta yana son ya ji ko tallar da ya biya ta jawo masu neman gurbin karatu, mai kantin littattafai kuma yana tambayar wane littafi aka fi dubawa. Sai ma'aikaci ya zauna ya yi ta kwafo alƙaluma daga wannan manhaja zuwa waccan, ya zana jadawali, ya aika wa kowa nasa. Kafin rahoton ya isa hannun mai shi labari ya riga ya kwana, in kuma wata tambaya ta taso masa a tsakiyar wata, sai dai ya jira ko ya dami kamfanin da waya.

Maganin da aka samo shi ne a gina wa kowane mai shafi wani allo a intanet, wanda zai shiga da kansa a duk lokacin da ya ga dama, ya ga alƙalumansa ba tare da ya tambayi kowa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake gina irin wannan allo. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa zana allon shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Ranar da aka kafa allo an janye mai bayani ke nan daga tsakani, saboda haka duk abin da ma'aikacin nan yake warwarewa da baki, da duk sirrin da yake tsarewa da hankalinsa, dole ne a gina su a jikin allon.

2.0 MA'ANAR ALLON DA KALMOMIN AIKI

Turawa suna kiran wannan allo da sunan da direbobinmu suka sani, watau dashbod. Asalin kalmar wani katako ne da akan kafa a gaban keken doki domin ya tare taɓon da kofato ke fantsamowa. Da mota ta zo sai sunan ya koma kan allon da ke gaban direba, inda agogon gudu da na mai da na zafin inji suke. Hikimar wannan allo ita ce direba ya san halin motarsa da kallo ɗaya, ba tare da ya buɗe bonet ba. A nan za mu kira shi allon ƙididdiga. Haka kuma za mu yi amfani da kalmar shafi a kan gidan intanet ɗungurungum, feji kuma a kan kowane ɗaki da ke cikinsa. Wanda ke gina allon shi ne kamfani, wanda ake gina wa kuma shi ne mai shafi.

3.0 DAGA INA ALƘALUMAN SUKE FITOWA?

Hanyar da aka fi bi ita ce a dasa ɗan gajeren umarni na JavaScript a jikin kowane feji. Da zarar mutum ya buɗe fejin, sai umarnin ya aika saƙo zuwa ma'ajiyar ƙididdiga cewa an buɗe feji kaza, da irin na'ura kaza, daga wuri kaza. Sa'an nan ya ajiye wata 'yar alama a burauzar mutumin, wadda ake kira kuki, domin in ya dawo a gane shi.

Fitacciyar manhajar wannan aiki ita ce Google Analytics. Kamfanin Google ya sayi wani kamfani mai suna Urchin a 2005, ya kuma fito da manhajar kyauta a watan Nuwamba na wannan shekara. A 2020 ya fito da sabon tsari mai suna GA4, wanda ke ɗaukar kowane motsi a matsayin aukuwa guda: buɗe feji aukuwa ce, gangarawa zuwa kashi 90 cikin 100 na feji aukuwa ce, sauke takarda ma aukuwa ce. Akwai kuma Matomo, wadda aka fara a 2007 da sunan Piwik, aka sauya mata suna a 2018. Ita wannan kamfani yana iya girka ta a kan kwamfutarsa, bayanan su zauna a hannunsa. Ban da waɗannan, allo yakan jawo bayanai daga Search Console, mai nuna kalmomin da mutane suka rubuta a Google kafin su iso shafin, da kuma asusun talla na Google ko na Facebook.

Abin lura a nan shi ne, ba kowa ne ake ƙirgawa ba. Wanda ya sa manhajar toshe talla, ko ya ƙi amincewa da kuki, ko intanet ɗinsa ya yanke kafin umarnin ya gama aiki, yana iya shiga ya fita ba a san da zuwansa ba.

4.0 DAIDAITA MA'ANAR KALMOMI

Nan ne gizo ke saƙa. Kalmomin da ke kan allo kalmomi ne na yau da kullum, amma ma'anarsu a wurin na'ura daban take da ma'anarsu a bakin mai shafi.

4.1 Maziyarci

Mai shafi in ya ga an rubuta maziyarta, mutane yake hangowa. Na'ura kuwa burauza take ƙirgawa. Mutum ɗaya da ya shiga da wayarsa da safe, ya sake shiga da kwamfutar ofis da rana, ya zama maziyarta biyu. Ɗalibai goma da suka yi amfani da burauza ɗaya a kwamfutar laburare kuma sun zama maziyarci ɗaya. Bugu da ƙari, tun 2019 burauzar Safari ta kamfanin Apple ta taƙaita ran kukin da JavaScript ya ajiye zuwa kwana 7, saboda haka mai iPhone da ya yi mako biyu bai leƙo ba yakan dawo a matsayin baƙo.

Wani kuskure da magina kan faɗa ciki shi ne tara maziyartan kwanaki. Mu ƙaddara mutum ɗaya ya zo ran Litinin da Talata da Laraba. A lissafin kowace rana shi maziyarci ɗaya ne, in aka tara sai a sami uku, alhali a lissafin mako mutum ɗaya ne tak. Saboda haka ba a samun adadin wata ta hanyar haɗa na kwanaki, sai dai a sake ƙirgawa daga tushe. Allon da ya yi wannan kuskure zai riƙa faranta wa mai shafi rai da adadin da babu shi.

4.2 Ziyara

Ziyara ita ce zama ɗaya da maziyarci ya yi a shafi. A Google Analytics, in mutum ya yi minti 30 bai motsa komai ba, ziyararsa ta ƙare, sai dai in an sauya wannan ƙa'ida. Ke nan wanda ya buɗe feji, ya tashi ya yi salla ya ci abinci, ya dawo bayan awa guda ya ci gaba, ya yi ziyara biyu ko da yake bai rufe fejin ba.

4.3 Leƙe

Misalin da ya fi nuna haɗarin ma'ana shi ne ma'aunin da za mu kira leƙe, watau ziyarar wanda ya leƙo ya juya. A tsohon tsarin Google, mai suna Universal Analytics, leƙe shi ne ziyarar da aka buɗe feji ɗaya aka fita ba a taɓa komai ba, ko da an yi minti goma ana karanta shi. A GA4 kuwa, ziyarar da ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe feji biyu a cikinta, ko aka aikata wani muhimmin abu, ba leƙe ba ce. Tsohon tsarin ya daina karɓar bayanai ran 1 ga Yuli, 2023. Duk allon da ya jera alƙaluman leƙe na kafin wannan rana da na bayanta a layi ɗaya yana iya nuna gagarumin sauyi, mai shafi ya ɗauka aikinsa ne ya yi kyau, alhali mudun awo ne aka sauya. Suna ɗaya ne, ma'ana biyu.

4.4 Mafitar maziyarta

Mai shafi yana son ya san ta ina mutane suke zuwa, domin ya san inda zai zuba kuɗin talla. To, mahaɗin da aka tura ta WhatsApp sau da yawa ba ya zuwa da shaidar inda ya fito, sai na'ura ta jefa shi cikin rukunin waɗanda suka zo kai tsaye, tamkar sun rubuta adireshin da hannunsu. Ga ɗan kasuwar da rabin cinikinsa ta WhatsApp yake, wannan ba ƙaramar ɓata lissafi ba ce. Maganinsa shi ne a liƙa wa kowane mahaɗi wata alama a wutsiyarsa, wadda ake kira UTM, sunan da aka gada daga Urchin. Amma alamar tana bambanta babban baƙi da ƙarami: in wani ma'aikaci ya rubuta Facebook, wani ya rubuta facebook, sai su fito a layi biyu kamar wurare biyu ne. Lalle ne kamfani ya tsayar da ƙa'idar rubutu guda, kowa ya bi ta.

4.5 Rana

Hatta kalmar rana tana bukatar yarjejeniya. Kowane asusu yana da agogon da aka ɗora shi a kai. In shafin ɗan kasuwar Kano yana kan agogon Kalifoniya, to ranarsa za ta fara ne da ƙarfe 8 ko 9 na safe agogon Nijeriya, gwargwadon lokacin shekara, cinikin asubar Juma'a ya faɗa cikin lissafin Alhamis. Haka nan GA4 yakan ɗauki awa 24 zuwa 48 kafin ya kammala sarrafa bayanai, saboda haka alƙaluman jiya suna iya ƙaruwa gobe.

Abin da ya kamata a yi kafin a zana komai shi ne a rubuta ɗan ƙamus. Kowane ma'auni a ba shi suna ɗaya da ma'ana ɗaya, a faɗi inda aka samo shi da abin da ba ya ƙirgawa. A zauna da mai shafi a karanta masa, sa'an nan a dasa bayanin a gefen kowane adadi a kan allo, cikin harshen da mai shafin ya fi ji. Wannan aiki ne na ƙirƙirar kalmomi da fayyace ma'ana, kuma ɗalibin harshe yana da abin cewa a kansa kamar yadda injiniya yake da shi.

5.0 HANYOYIN GINI

Akwai hanyoyi uku, kowace da ribarta da tsadarta.

(a) Haɗi kai tsaye. A nan ana amfani da manhajar zana rahoto, kamar wadda Google ya fito da ita a 2016 da sunan Data Studio, ya sauya mata suna zuwa Looker Studio a 2022. A zana allo ɗaya a matsayin samfuri, a kwafa wa kowane mai shafi, a haɗa shi da asusunsa. Wannan hanya tana da sauri da araha. Aibinta shi ne, duk lokacin da aka buɗe allon, kowane zane sai ya aika tasa tambaya zuwa Google, Google kuwa ya ƙayyade yawan tambayoyin da asusu zai yi a awa guda da kuma a rana. A watan Nuwamba na 2022, da aka fara aiwatar da wannan ƙayyadewa a kan rahotannin Looker Studio, kamfanoni da yawa sun wayi gari allunansu suna nuna saƙon kuskure a gurbin zane. Aibi na biyu shi ne, in masu shafuka sun kai hamsin, gyara ɗaya yana iya zama gyara hamsin.

(b) Rumbun tsakiya. A wannan hanya, kowane dare wata manhaja takan kwaso bayanan masu shafuka duka ta zuba a rumbun bayanai na kamfani, allo kuma ya riƙa ɗiba daga rumbun. GA4 yana ba da damar kwashe aukuwa ɗaya-ɗaya zuwa rumbun BigQuery, har miliyan 1 a rana ga asusun kyauta. Sai dai kwashewar tana farawa ne daga ranar da aka kunna ta, ba ta komawa baya, ga shi kuma asusun kyauta yana riƙe irin waɗannan bayanai na dalla-dalla wata 2 ne ko wata 14 kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya: a kunna kwashewar tun ranar da aka karɓi aikin mai shafi. Darajar rumbu ta fito fili ran 1 ga Yuli, 2024, lokacin da Google ya fara rufe ƙofar tsofaffin bayanan Universal Analytics. Wanda bai kwashe nasa ba ya rasa tarihin shekaru. A lura kuma cewa GA4 ƙiyasi yake yi wajen ƙirga maziyarta da ziyara domin ya yi sauri, saboda haka adadin rumbu da na fuskar Google suna iya ɗan saɓawa. Gara a faɗa wa mai shafi wannan tun farko, da ya gano da kansa ya zargi kamfani da maguɗi.

(c) Gini daga tushe. Kamfani ya rubuta tasa manhaja, ko ya girka irin su Matomo ko Metabase a kan kwamfutarsa, ya sa tambarinsa. Wannan ita ce hanyar da ta fi ba da iko, ita ce kuma ta fi nauyi, domin gyara da tsaro da adana kwafi duk sun hau wuyan kamfani. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ƙaramin kamfani zai iya farawa da hanya ta farko, amma in masu shafuka suka yawaita, ta biyu ce ke ɗorewa.

6.0 KATANGA TSAKANIN MASU SHAFUKA

Kamfani ɗaya yana iya riƙe shafukan otal biyu masu gasa da juna a gari ɗaya. A zamanin rahoton hannu, ma'aikaci ne ke tabbatar da cewa ambulan ɗin wannan bai je wa wancan ba. A allo kuwa, musamman in rumbu ɗaya ne, katangar da aka gina ce kaɗai ke tsakaninsu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki ɓoyewa a matsayin kullewa. Alal misali, a sa lambar mai shafi a adireshin allo, a ce nasa 14 ne. In ya sauya ta zuwa 15 allon maƙwabcinsa ya buɗe, to babu katanga, labule ne kawai. Ƙungiyar OWASP, mai nazarin tsaron manhajojin intanet, ta sa irin wannan raunin iko da shiga a matsayi na ɗaya cikin jerin manyan haɗurra goma da ta fitar a 2021. Ƙa'idar ita ce a yi tacewa a can cikin rumbu: kowane layi na bayanai ya ɗauki lambar mai shi, kowace tambaya kuma a bincika wanda ya yi ta kafin a amsa. Looker Studio yana da hanyar tace bayanai bisa adireshin imel na mai dubawa. Amma in aka raba allo ta hanyar da duk mai mahaɗi zai iya buɗewa, to duk inda mahaɗin ya je sirrin ya je.

Akwai ƙa'idoji uku da suka dace a ƙara. Na ɗaya, kowane mutum ya sami nasa makullin shiga, kada ofis guda ya yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, domin in ma'aikaci ya bar aiki a rufe tasa ƙofa kaɗai. Na biyu, asusun ƙididdiga ya zama mallakar mai shafi, kamfani kuma a ba shi izinin shiga, ta yadda in suka rabu kowa zai tafi da kayansa babu jayayya. Na uku, kada suna ko imel ko lambar wayar maziyarci su shiga cikin bayanan. Sharuɗɗan Google Analytics sun hana haka, dokoki ma sun sa ido. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ran 25 ga Mayu, 2018, Nijeriya kuma ta kafa tata a watan Yuni na 2023. Irin wannan yoyo yakan faru ba da gangan ba, in fom ɗin shafi yana jefa abin da aka cike a cikin adireshin feji.

7.0 FUSKAR ALLO

In an gama da waɗannan, sai zane. A fara da tambayar mai shafi abin da yake son shafin ya yi masa. Mai otal ɗaki yake son a kama, mai makaranta fom yake son a cike. Wannan adadi shi ne zai zauna a sama da manyan baƙaƙe, sauran su biyo baya. Adadi huɗu ko biyar sun isa fuskar farko, domin allon mota ma da zai nuna komai da ke cikin inji da direba ya faɗa rami.

Adadi shi kaɗai ba ya magana, sai an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. A kwatanta wannan wata da wanda ya gabata, ko da takwaransa na bara. Amma a yi hattara da al'amuran da ke bin watan Musulunci: azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, saboda haka kwatanta Maris da Maris yana iya zama kwatanta watan kasuwar salla da watan da babu ita. A bar wa kamfani wurin rubuta ɗan bayani a kan zane, cewa ran kaza aka fara talla, ran kaza shafi ya tsaya. A rubuta lokacin da aka sabunta bayanai a fili. In kwashewar dare ta gaza, allo ya faɗa, kada ya nuna sifili, domin sifili yana nufin ba wanda ya zo. Daga ƙarshe, a gwada allon a kan ƙaramar waya da intanet mai rauni, a kuma ba wani mai shafi ya duba ba tare da an ce masa komai ba. Duk inda ya tsaya ya yi tambaya, nan ne gyara yake.

8.0 KAMMALAWA

A wannan maƙala an bayyana inda alƙaluman shafi suke fitowa, da yadda ma'anar kalmomi irin su maziyarci da ziyara da leƙe take kauce wa fahimtar mai shafi, da hanyoyi uku na gini, da katangar da ke tsare sirrin kowa. An ga cewa allo ba ya kawar da aikin mai bayani, sai dai ya matso da shi gaba, a yi shi sau ɗaya a rubuce kafin a buɗe ƙofa. Mai shafin da zai rufe wata talla ko ya ƙara kuɗi a wata bisa abin da ya gani a allo, dukiyarsa ya ɗora a kan amanar wanda ya gina shi.

Kalmomin da aka yi amfani da su a nan, kamar allon ƙididdiga da leƙe da rumbun tsakiya, shawara ce kawai. Muna fata malamai da 'yan'uwa ɗalibai za su dube su da idon basira, su gyara inda ya karkace, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya sa mu dace.